Darasi na 14: Baƙo a Zangon Motocin Tafi-da-gidanka

A jihar Indiyana ta Amurka akwai gari mai suna Elkhart. Babbar sana'ar mutanensa, da na garuruwan da ke kewaye da shi, ita ce ƙera motocin da ake kwana a cikinsu, kuma kimanin kashi 80 cikin 100 na irin waɗannan motoci da ake yi a ƙasar daga wannan jiha suke fitowa. Mota ce mai gado da kicin da banɗaki da tankin ruwa. Wata tana da injinta, girmanta ya kai na doguwar bas. Wata tirela ce da ake ɗaura wa a-kori-kura ta ja ta. A shekarar 2021 kaɗai masana'antu sun fitar da fiye da 600,000, kuma a wannan shekarar an ƙiyasta cewa gidaje sama da miliyan 11 a Amurka sun mallaki irinta. Waɗanda ba su da ita haya suke ɗauka na mako ɗaya ko biyu, su kwashi iyali su tafi ganin ƙasa.

Mota mai wannan girma ba a ajiye ta ko'ina a kwana. Akwai zangunan da aka keɓe mata. Wasu na gwamnatin tarayya ne, a cikin manyan gandun daji irin su Yellowstone, wanda aka kafa a 1872, da Yosemite ta Kalifoniya. Hukumar da ke kula da su an kafa ta a 1916. Wasu na jihohi ne, wasu na 'yan kasuwa. Mafi shahara cikin na 'yan kasuwa shi ne KOA, wanda Dave Drum ya fara a 1962 a garin Billings na jihar Montana, a bakin kogin Yellowstone, lokacin da ya ga matafiya suna ta wucewa zuwa bajekolin duniya na birnin Seattle ba su da wurin yada zango. Yau kamfanin yana da rassa fiye da 500 a Amurka da Kanada.

Wani zai ce, me ya haɗa mu da wannan? 'Yan uwanmu suna zaune a New York da Chicago da Houston da Toronto, 'ya'yanmu suna karatu a can, kuma in hutun bazara ya zo ana gayyatarsu irin wannan tafiya, wasu ma da kuɗinsu suke kama hayar motar. Ga shi kuma takardar dokokin zango tana daga cikin rubutun da ke koya wa mutum yadda ake karanta sharaɗi kafin a sa hannu.

A ƙasar Hausa baƙo yana da mai masauki. Shi ke kawo ruwa, shi ke share ɗaki, shi ke kwashe kwanuka, shi ke ba maƙwabta haƙuri in baƙon ya yi abin da bai dace ba. A zangon motoci babu wannan mutum. Akwai ma'aikaci a ƙofa, akwai kuma mai kula da zango, wanda sau da yawa dattijo ne ɗan fansho da ke aikin sa-kai a ba shi wurin ajiye motarsa kyauta, amma babu wanda aikinsa shi ne ya bi bayanka yana gyara. Kai ne baƙon, kuma nauyin mai masauki a wuyanka yake. Duk dokokin da za mu gani a wannan darasi daga nan suka samo asali.

Kama wuri da isowa

Yawancin zangunan gwamnatin tarayya ana kama wurinsu ta shafin intanet na Recreation.gov, da yawansu tun wata shida kafin ranar zuwa, kuma na fitattun wurare cikin mintuna suke ƙarewa. Abu na farko da za a tambaye ka shi ne tsawon motarka da ƙafa. Ka faɗi gaskiya, ka haɗa da tsawon motar da ke jan tirelar. Wanda ya rage ƙafa biyar don ya samu gurbi zai iso ya tarar gindin motarsa ya fito kan hanya, sai a ce ya tashi, kuma babu lalle a samo masa wani wurin a daren.

Idan tafiya ta fasa, a soke rajistar. Wannan ƙaramin abu ya zama babban ƙorafi a Amurka: mutum ya kama wuri saboda kuɗin kaɗan ne a wurinsa, bai zo ba, bai soke ba, gurbi yana zaune fayau alhali a ƙofa an rubuta cewa zango ya cika. Abin ya kai jihar Kalifoniya ta yi doka a 2023 da ke hukunta masu wannan hali a zangunanta.

A yi ƙoƙari a iso da sauran rana. Shigar da tirela gurbi da baya aiki ne na mutum biyu, ɗaya a sitiyari ɗaya a ƙasa yana nuni, kuma ko da rana tsaka yana haɗa miji da mata faɗa. Da dare kuwa fitilar mota tana haska tagar kowa, injin yana ruri, ana ta kiran "dama, dama, tsaya!" Wanda dare ya yi masa a hanya ya shiga a hankali, ya yi abin da ya zama dole kawai, sauran gyare-gyare su jira safiya. Gudu a cikin zango ba ya wuce mil 5 zuwa 15 a awa, gwargwadon abin da aka rubuta a allo, domin yara kan keke suna fitowa daga bayan motoci ba sallama.

Gurbin da ka biya ɗan fili ne mai tebur da murhun wuta da wurin ajiye mota. Babu katanga, babu dannin kara, babu zaure. Duk da haka mutanen wurin suna ɗaukarsa tamkar tsakar gida. Ratsa gurbin wani don a yanke hanya zuwa banɗaki laifi ne da ba kowane zango ke rubutawa ba, amma kusan kowa yana jin haushinsa. A bi titi a zagaya, a kuma koya wa yara haka tun ranar farko. Haka nan kayanka su tsaya cikin iyakarka: rumfar mota, kujeru, igiyar shanya, da ɓangaren ɗakin motar da ke zamowa waje in an tsaya.

Akwai kuma ƙa'idar yawan mutane. A Yellowstone da Yosemite mutum shida ne iyakar gurbi guda, har da yara. Wannan na iya yi wa Bahaushe nauyi, domin a wurinmu in ɗan uwa ya ji kana kusa zai zo da iyalinsa, kuma ba a cewa baƙo ya yi yawa. To, a nan ana cewa. An auna banɗaki da ruwa da wurin ajiye motoci ne da wannan adadi. Iyali mai yawa ya kama gurbi biyu, ko ya nemi filin da aka ware wa ƙungiyoyi. Mai kawo ziyara da rana a yawancin zangunan 'yan kasuwa sai ya yi rajista a ofis, wani wurin har da ɗan kuɗi.

Wuta da ruwa

A zangon da ke da cikakken haɗi, kowane gurbi yana da ɗan ginshiƙi mai soket ɗin lantarki, da famfo, da bakin bututun ƙazanta. Ba ko'ina ake samun wannan ba. Yosemite ba ta da haɗi ko ɗaya a zangunanta, a Yellowstone kuma zangon Fishing Bridge ne kaɗai mai cikakken haɗi.

Lantarkin iri biyu ne. Mai amfiya 30 yana ba da wat 3,600, wato 30 sau bolt 120. Mai amfiya 50 layi biyu ne, yana ba da wat 12,000. Na'urar sanyaya ɗaki kaɗai takan ci wajen wat 1,500, butar lantarki ma kusan haka. Mai amfiya 30 da ya kunna waɗannan biyu ya ƙara da na'urar ɗumama abinci, makatsin wuta zai faɗi. Ƙa'idar haɗawa ita ce a kashe makunnin da ke jikin ginshiƙi, a cusa fulogi, sannan a kunna. Wajen cirewa ma a fara kashewa. Wanda ya tarar soket ya ƙone ko yana rawa ya gaya wa ofis, kada ya ɗauko sukundireba. Kuma ba a jan waya zuwa ginshiƙin gurbin da babu kowa. Hajiya da ta taho da hitarta daga Kano ko Maraɗi ta sani cewa an yi ta ne don bolt 230, a wutar Amurka sai dai ruwan ya yi ɗumi a wahalce.

Ruwan sha yana da tiyonsa na musamman, galibi fari ko shuɗi, wanda ba a taɓa amfani da shi wajen wani aiki. Ana ɗaura wa famfo wata 'yar na'ura mai rage ƙarfin ruwa, domin bututun cikin mota na roba ne, ƙarfin ruwan wasu zanguna yana iya fasa su. Tiyo mai ɗiga a gyara shi ko a kashe famfon. A yammacin Amurka, inda fari ya daɗe yana damun kogin Colorado, barin ruwa yana malala kan jawo magana, kuma zanguna da yawa sun hana wanke mota gaba ɗaya.

Inda babu famfo a kowane gurbi, akwai na tarayya. Dokar gandun daji na tarayya ta hana wanka, wanki ko wanke-wanke a bakinsa. Mai alwala ya ɗebi ruwa a butarsa ya koma gurbinsa. Idan sanyi ya sa dole a yi a banɗakin tarayya, a guji ɗora ƙafa a kwamin wanke hannu, a kuma goge ruwan da ya zuba a ƙasa kafin a fita, domin wanda zai shigo bayanka yana iya zama tsoho mai sanda.

Ƙazanta

Nan ne ake gane wanda ya iya zaman zango. Motar tana da tankuna biyu na ruwan da aka gama amfani da shi. Ɗaya yana tara ruwan wanka da na wanke-wanke. Ɗayan yana tara abin da ya fito daga masai. Babu mai kwashe maka su. Alhaji ne kai ko farfesa, da hannunka za ka durƙusa ka juye, a wurin da aka gina don haka ko a bakin bututun da ke gurbinka.

Ga yadda ake yi. A sa safar hannu ta roba. A ɗaura babban tiyon ƙazanta a jikin mota, a tabbatar ya kama, a cusa ɗaya bakin cikin ramin a danne shi da abu mai nauyi ko a murɗa shi ya zauna, domin in ruwan ya taho da ƙarfi tiyon da ba a danne ba tsalle yake yi. Sai a ja bawul ɗin tankin masai tukuna. In ya gama, a rufe shi, a buɗe na ruwan wanka, wanda sabulun cikinsa zai ɗauraye tiyon. Wanda ya juya wannan jeri zai naɗe tiyo mai najasa ya mayar cikin motarsa. Daga nan a wanke tiyon da ruwan da aka tanada a wurin, wanda ba na sha ba ne, a rufe murfin ramin, a wanke duk abin da ya fantsama a kan siminti, a ja mota gaba a ba na baya wuri. Ba a tsayawa a layin juye ƙazanta ana shirya kaya ko ana amsa waya.

Sabon shiga yakan yi wani kuskure in ya samu gurbi mai bututu: sai ya bar bawul ɗin tankin masai a buɗe, yana ganin ya huta. Abin da ke faruwa shi ne ruwa ya zurare, mai kauri ya zauna ya taru ya bushe, har ya toshe tankin, wari kuma ya dawo cikin ɗaki ya kai ga maƙwabta. Ana barinsa a rufe har ya kai kamar kashi biyu cikin uku, sannan a juye gaba ɗaya. Mu masu tsarki da ruwa muna da riba a nan, don tankin yana son ruwa, sai dai zai riƙa cika da wuri, a riƙa duba ma'auninsa. Kada a jefa masa audugar mata, ko kunzugun yara, ko tsumman goge jiki mai laima, ko da an rubuta a ledarsa cewa yana narkewa.

Ruwan wanke-wanke fa, ba za a watsa shi gindin itace ba? A gandun daji na tarayya haramun ne a tsiyayar da tankin mota a ƙasa. Ruwan yana ɗauke da maiƙo da guntun abinci da sabulu. Yana kiran ƙuda da dabbobi, yana gangarawa rafi. A tuna cewa gurbin nan, in ka tashi da hantsi, da la'asar wani iyali zai shimfiɗa tabarma a kai, kuma haka ake yi kullum har bazara ta wuce. Saɓa dokokin gandun daji na tarayya yana iya kai mutum ga tarar da ta kai dala 5,000 ko ɗaurin wata shida.

Shiru da janareta

Dokar tarayya ta hana hayaniya a zangunan gandun daji daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, kuma yawancin sauran zanguna sun ɗauki wannan lokaci ko kusa da shi. Da rana ma akwai iyaka: na'urar da ƙararta ta wuce desibel 60 daga nisan ƙafa 50 ta saɓa doka, kuma desibel 60 bai fi ƙarar hira ta yau da kullum ba. Bangon motar siriri ne, na tanti kuwa ƙyalle ne. Abin da ka faɗa a teburinka da dare, maƙwabcinka yana jinsa a kan gadonsa.

Janareta yana da nasa lokaci, wanda ya fi wannan ƙunci. A Yellowstone daga 8 na safe ne zuwa 8 na dare, a zangunan da aka yarda da shi. A Yosemite sau uku ne a yini, awa bibbiyu: 7 zuwa 9 na safe, 12 zuwa 2 na rana, 5 zuwa 7 na yamma. Wanda ya girma a unguwar da janareta ke kwana yana kuka kunnensa ya riga ya saba, ba zai ma lura cewa nasa ne kaɗai ke ruri a duk dajin ba. Mutanen da ke kewaye da shi kuwa kuɗi suka biya, suka yi tafiyar kwana da kwanaki, don su ji iska da kukan tsuntsaye.

Ƙara ba ita ce babbar illarsa ba. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce mutum fiye da 400 ne wannan iska ke kashewa a ƙasar kowace shekara ba tare da gobara ba, kuma ta ba da shawarar a ajiye janareta aƙalla ƙafa 20 daga ƙofa ko taga. Mu ma a Najeriya mun sha jin labarin iyalin da aka wayi gari an tarar sun rasu a ɗaki saboda hayaƙin janareta. A zango, inda motoci ke jere kusa da juna, salansar taka tana iya fuskantar tagar wani. A duba inda hayaƙi yake nufa. A gwada ƙararrawar gano wannan iska da ke cikin motar kafin a baro gida, kuma ba a ɗumama ɗaki da risho ko murhun gas ko gawayi, komai sanyi.

Musulmi yana da wani abin lura. A watan Yuni a yankin Yellowstone rana ba ta faɗuwa sai wajen 9 na dare, lisha tana kaiwa bayan 10, asuba kuma tana yi tun kafin 5. Ke nan salloli biyu suna faɗawa cikin lokacin shiru. Babu mai hana ka salla a gurbinka. Abin da ake buƙata shi ne a tanadi ruwan alwala tun da yamma, a rage ƙarar kiran salla na waya, a rufe ƙofar mota a hankali, a yi karatu da murya ƙasa-ƙasa. In azumi ya kama, a dafa abincin sahur tun kafin dare. Fitilun waje ma a kashe su in za a kwanta. Wasu sun zo ne musamman don kallon taurari.

Wutar itace

Hukumar gandun daji ta Amurka ta ce kusan kashi 85 cikin 100 na gobarar daji a ƙasar mutane ne sanadinta, kuma wutar zango da aka bari ba a kashe ba tana cikin manyan dalilai. A watan Agustan 2013 wata gobara ta tashi a dajin Stanislaus ta shiga Yosemite, ta cinye fiye da eka 250,000. Hukumomi suka ce wutar da wani mafarauci ya hura ba bisa ƙa'ida ba ce ta kuɓuce masa.

Wuta a cikin murhun ƙarfen da aka tanada kawai ake hura ta, kuma ba a barinta ba babba a kusa. In za a kwanta a kwarara mata ruwa, a motsa tokar da shebur, a sake zuba ruwa, a kai bayan hannu kusa a ji ko da sauran zafi. Binne ta da ƙasa ba ya kashe ta. Garwashi yana iya kwana a ƙarƙashi da ransa. Idan rani ya tsananta ana hana hura wuta ɗungurungum, wani lokaci har da gawayin gashi, sai murhun gas kaɗai. Mai niyyar gasa tsire ya tambaya a ƙofa tun kafin ya sa wa nama yaji. Murhun kuma ba juji ba ne: leda da gwangwani da kwalba ba sa ƙonewa, na baya ne zai tarar da su.

Dokar da ta fi ba baƙo mamaki ita ce ta hana zuwa da itacen girki daga nesa. Dalilinta ƙwari ne. A 2002 aka gano wani ɗan koren ƙwaro daga Asiya a kusa da birnin Detroit, wanda tsutsarsa ke cin cikin ɓawon itacen ash har itacen ya mutu. Da fikafikansa ba ya nisa sosai a shekara, amma a cikin guntun itace a bayan mota yana tsallaka jihohi a yini guda, kuma ya riga ya kashe miliyoyin itatuwa. Shi ya sa ake cewa a sayi itace a inda za a ƙona shi. Gandun Great Smoky Mountains tun 2015 ba ya karɓar itacen waje sai wanda aka gasa a na'ura aka buga masa hatimin hukuma. Sare reshe daga itace mai rai, ko buga masa ƙusa don rataya fitila, duk an hana.

Namun daji

A daren 13 ga Agustan 1967, a gandun Glacier na Montana, beyar biyu suka kashe 'yan mata biyu a wurare daban-daban. Bincike ya nuna dabbobin sun saba da cin sharar mutane. Wannan dare ya sauya tsarin gandun daji na Amurka: aka rufe jujin da beyar ke kiwo a kai, Yellowstone ta gama rufe nata a wajen 1970, aka fara tilasta wa baƙi ɓoye abinci. Yosemite ta sha nata fama. A 1998 an lissafa ɓarnar beyar fiye da sau 1,500, yawanci fasa motoci don neman abinci. Da aka kafa akwatunan ƙarfe a kowane gurbi aka matsa wa mutane su yi amfani da su, ɓarnar ta ragu ƙwarai.

Abin da beyar ke bi shi ne ƙanshi, saboda haka dokar ba ta tsaya ga abinci ba. Man goge baki, sabulu, man shafawa, turare, kwanon da ba a wanke ba, abincin kare, duk suna ciki. Kilishi da daddawa da yajin da aka yo guzuri, da turaren wuta da humra, su ma haka. A Yosemite an yarda a bar abinci cikin motar kwana in duk jikinta mai tauri ne, babu ɓangaren ƙyalle, kuma tagogi da ƙofofi a rufe in za a fita. A Fishing Bridge ba a ma karɓar tanti ko tirela mai bangon ƙyalle, don wurin hanyar beyar ce. Wanda ya taɓa kwana a sansanin Wikki na Yankari ya ga yadda gwaggon biri ke fizge leda daga hannun mutum ko ya faɗa ɗakin da aka bari a buɗe. Baƙin da suka riƙa miƙa musu abinci ne suka koya musu. Beyar da ta koyi wannan hali ƙarshenta harbi ne, don hukuma ba za ta bar ta tana yawo cikin yara ba.

A Yellowstone ana barin tazarar yadi 100 tsakanin mutum da beyar ko kyarkeci, yadi 25 kuma ga sauran dabbobi, har da ɓaunar Amurka, wadda ta fi kowace dabba raunata baƙi a gandun. Tausayi ma yana iya zama ɓarna. A watan Mayun 2016 wasu baƙi suka ga ɗan maraƙin ɓauna suka ɗauka sanyi yake ji, suka sa shi a motarsu suka kai wa ma'aikata. Garken ya ƙi karɓarsa, daga baya dole aka kashe shi.

Kare, ga mai shi, a ɗaure yake zama da igiyar da ba ta wuce ƙafa shida ba, a kwashe kashinsa, kada a bar shi shi kaɗai yana haushi. Wanda ba ya son karen maƙwabci ya taɓa masa tufa ko darduma yana da haƙƙin ya faɗa cikin ladabi. In abin ya ci tura ya kai wa mai kula da zango. Wannan ita ce hanyar kowane saɓani a wurin: magana ɗaya mai taushi, in ba ta yi ba a bar wa hukuma, kada a tsaya cacar baki da wanda ba a san halinsa ba, balle in ya sha giya.

Ba kowace doka ce ke da hujja mai ƙarfi irin waɗannan ba. Wasu zangunan 'yan kasuwa ba sa karɓar motar da ta haura shekara goma, komai lafiyarta. A ganina wannan ƙyamar talaka ce aka yi wa ado da sunan tsafta. Amma filinsu ne, kuma sun rubuta. Wanda bai yarda ba ya nemi wani zangon tun yana gida, ya fi ya je yana jayayya a ƙofa da magariba.

Tashi

Zaman zangon gwamnati yana da iyaka, galibi kwana 14 a lokacin cunkoso, don kowa ya samu rabo. Lokacin fita yakan kama tsakanin 10 na safe da 12 na rana, kuma ma'aikata suna buƙatar tazarar da ke tsakaninsa da isowar na gaba. Kafin a tayar da mota a kashe wutar ginshiƙi a cire fulogi, a kwance tiyo biyu kowanne a ma'ajiyarsa daban, a rufe bakin bututu, a naɗe rumfa, a kashe tukunyar gas, a janye matakala. A zagaya motar da ƙafa sau ɗaya ana duba sama da ƙasa, domin an sha ganin wanda ya ja mota da waya a jone ya tumɓuke ginshiƙi, kuma shi zai biya. Shara a kai ta kwandon ƙarfe a tabbatar murfinsa ya kulle. Sannan a sa yara su bi filin su tsince murfin kwalba da guntun leda, har da wanda aka tarar a wurin. In akwai abin da ya lalace, ko kai ka lalata ko haka ka same shi, a faɗa wa ofis a hanyar fita.

Aikin aji

1. Malam Audu yana gurbi mai amfiya 30. Na'urar sanyaya ɗakinsa tana cin wat 1,500, firij 600, butar lantarki 1,500. Wat nawa ya rage masa? Zai iya ƙara dutsen guga mai wat 1,000?

2. Ku bayyana da bakinku yadda ake juye tankuna biyu, da dalilin da ya sa ake farawa da na masai.

3. Iyali mai mutum tara suna son kwana uku a Yosemite. Me ya kamata su yi tun suna gida, kuma waɗanne kaya cikin guzurinsu ne za su shiga akwatin ƙarfe?

4. Ƙarfe 11 na dare ne, janaretan maƙwabcinku yana aiki, hayaƙinsa yana shigowa ta tagarku. Ku kasu biyu-biyu, ɗaya ya zama mai ƙorafi ɗaya maƙwabci, ku gwada yadda za a yi maganar.